Daga Mai'adua zuwa Legas: abin da direban babbar mota ya kamata ya sani kafin ya tayar da inji

A kowace Lahadi, da zarar kasuwar Mai'adua ta fara watsewa da yamma, akan ga manyan motoci sun yi layi a bakin kara ana kora shanu da raguna cikinsu. Wasu dabbobin daga ƙauyukan masarautar Daura suka fito, wasu kuma daga ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar. Akasarinsu kudancin Najeriya za a kai su.

Motar da ta tashi daga nan za ta bi ta Daura da Kazaure da Kano, ta wuce Zariya da Kaduna, ta ratsa jihar Neja ta haye kogin Kwara a Jebba, sannan ta bi ta Ilori da Ibadan kafin ta shiga Legas. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,100, wadda kan ci kwana biyu ko fiye, gwargwadon lafiyar hanya da yawan shingaye.

Amfanin waɗannan motoci ya fito fili a ƙarshen watan Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu, bayan rikicin kasuwar Sasa a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki farashin nama da tumatir da albasa ya yi tashin gwauron zabi a Legas, yayin da kayan gwari ke ruɓewa a arewa.

To sai dai sana'a ce mai cin rayuka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta ce mutane 5,421 ne suka mutu a haɗurran mota a Najeriya a 2024, sama da 5,081 na shekarar da ta gabace ta. Waɗannan kuwa su ne kawai waɗanda labarinsu ya kai ga hukumar.

Idan aka bi diddigin haɗurran manyan motoci, sau da yawa za a tarar ba a kan kwalta suka soma ba. A wurin lodi suka soma, lokacin da ake shawarar yawan kayan da za a ɗora, da mutanen da za su hau, da kuɗin mai, da ranar da ake son motar ta isa. A nan ne direba ke da damar cewa a'a, kuma a nan ne ya fi jin nauyin faɗar ta.

Cinikin da ake yi kafin a tashi

Mutum huɗu ne ke da baki a kan kowane lodi: mai mota, da mai kaya, da ɗan kamasho, da direba. Uku na farko za su koma gida su kwana. Na huɗun shi ne zai ɗauki motar, shi ne kuma ya fi kowa raunin murya a cinikin, musamman idan sabo ne da yake tsoron a karɓe makulli a miƙa wa wani.

A bisa al'ada mai mota kan ba direba man dizal na tafiya da kuma kuɗin hanya, wato na abinci da faci da abin da ake bayarwa a shingaye. Tun da farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, wannan lissafi ya ƙara tsauri. Direban da aka sallama da abin da ba zai kai shi ba, hanyoyi uku ne yakan bi ya cike giɓin: ya ɗauki fasinja a saman kaya, ko ya ƙara lodi a ɓoye, ko ya riƙa sa mota a firi a gangara don ya rage shan mai. Dukkan ukun suna cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a hanya.

Saboda haka abu na farko da ya kamata direba ya iya shi ne ƙididdiga. Ya san lita nawa motarsa ke sha daga Daura zuwa Legas da kaya, da kuma lita nawa take sha idan babu kaya. Ya tsayar da magana tun kafin a ɗora buhu ɗaya: wa zai biya idan taya ta fashe, wa ke da asara idan dabba ta mutu a hanya, nawa ne kuɗin kwana idan aka jinkirta sauke kaya. Ya fi kyau a yi wannan a gaban wakilin ƙungiyar direbobi ta NURTW, a kuma rubuta shi, da boko ko da ajami, ko a ajiye shi a saƙon murya na WhatsApp. Yawancin rigingimun da ke raba direba da ubangidansa a kan abin da ba a faɗa ba ne tun farko.

Lodin dabbobi yana da nasa matsi na daban. Saniyar da ta faɗi a cikin mota sauran za su tattake ta, kuma duk sa'ar da aka ƙara a hanya dabbobin ramewa suke yi, farashinsu na faɗuwa. Shi ya sa mai kaya ba ya son a tsaya. A Tarayyar Turai doka ce ta raba wannan gardama: bayan sa'o'i 14 na tafiya dole a tsaya aƙalla sa'a ɗaya a shayar da shanu, bayan wasu 14 kuma a sauke su su huta na yini da kwana. A kan hanyar Mai'adua zuwa Legas babu mai tsayar da mota sai direba. Idan mai dabbobi yana son a isa ba tare da dogon hutu ba, hanya ɗaya ce mai aminci, ita ce a biya direba na biyu.

Akwai bambanci kuma tsakanin 'yan rakiya biyu ko uku da ke bin dabbobi don su tayar da wadda ta faɗi, da tarin fasinjojin da ake zubawa a kan katakon da aka gitta a saman shanu. Mutane na hawa ne saboda kuɗin motar fasinja ya fi ƙarfinsu, musamman bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma da wuya direba ya ƙi ɗan garinsu. Amma a watan Satumban 2024, a yankin Agaie ta jihar Neja, wata tankar mai ta yi karo da motar da ta ɗauko shanu da fasinjoji, aƙalla mutane 48 suka ƙone tare da dabbobin. Wanda ke zaune a saman tirela ba shi da abin riƙewa, kuma inshorar motar kaya ba ta fasinja ba ce. Idan abin ya auku, direban ne zai tsaya gaban alƙali, in ya rayu.

Nauyin kaya

Tirelar da aka ɗora wa buhu 300 na hatsi, kowanne kilo 100, tana ɗauke da tan 30. Idan aka ƙara buhu 100, ta koma tan 40, alhali birki da tayoyi da sifirin ɗinta ba su ƙaru ba.

A 2005 ƙasashen ƙungiyar UEMOA, ciki har da Nijar, suka amince da ƙa'idar da ta kayyade tan 11 da rabi a kan aksil guda, wato sandar da ke ɗauke da tayoyi, da kuma tan 51 a matsayin jimillar nauyin tirela mai aksil shida, ita da kayanta. ECOWAS ta ɗauki irin wannan ma'auni a 2012. Dalilin kuwa ya samo asali ne daga wani gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, wanda ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan aksil sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Ramukan da direbobi ke kuka da su a hanyar Mokwa zuwa Jebba, wani kaso nasu motocin da suka wuce jiya ne suka haƙa su.

Ba yawan nauyi kaɗai ne matsalar ba, har da inda aka ajiye shi. Kaya masu nauyi ƙasa suke zama, a tsakiya, a rarraba su daidai hagu da dama. Lodin da aka tula ya zarce bodi, irin na albasa ko gawayi, shi ne ke kifar da mota a kwana ko a gefen kwalta da ya zaizaye. Dabbobi kuwa kaya ne masu motsi: idan aka taka birki da ƙarfi gaba ɗaya suke zubowa gaba, idan aka sha kwana da gudu sai su jingina gefe guda. Haka ruwa ko mai yake yi a cikin tankar da ba ta cika ba. Direban da bai hau ya duba lodi da igiya da tamfol da idonsa ba, ya bar wa 'yan dako hukuncin ransa.

Barci

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarnonin baya ba sa tashi sai sun san inda za su sauka. Madugu ne ke jagorancin ayari, jagaba na gaba yana duba hanya, kuma tafiyar a yanke take zango-zango, kowane da ruwansa da makwancinsa. Sunan da ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura ke ɗauke da shi ke nan, wato Zango. Direbobin yau ma suna da zangunansu, irin su Mararrabar Jos da Tafa da Mokwa da Ogere. Bambancin shi ne a yanzu gajiya ce ke zaɓa wa direba inda zai tsaya, ba shiri ba.

Wani bincike da aka wallafa a 1997 daga ƙasar Ostireliya ya gano cewa mutumin da ya yi sa'o'i 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa kan ragu daidai da na wanda ya sha barasa har ta kai ma'aunin da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi da shi. Idan ya kai sa'o'i 24, abin ya ninka. Ma'ana, direban da ya yini a kasuwa tun asubahin Lahadi yana jiran lodi, ya tashi bayan isha'i, kafin ya kai Zariya ya shiga halin mashayi, ko da bai taɓa kusantar kwalba ba a rayuwarsa.

Barcin da ke kisa ba mai tsawo ba ne. Gyangyaɗi ne na daƙiƙa uku ko huɗu, wani lokaci ma ido a buɗe. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wato a daƙiƙa huɗu ta yi tafiyar kusan mita 70 babu mai riƙe da ita. Lokacin da jiki ya fi neman barci shi ne daga ƙarfe biyun dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar, musamman idan an cika ciki.

Alamominsa sanannu ne: yawan hamma, nauyin ido, mota ta riƙa karkata zuwa gefe, da kuma mutum ya kasa tuna garin da ya wuce yanzu. Buɗe gilashi da ƙara sautin rediyo da wanke fuska ba sa maganinsa. Goro da shayi da kofi sukan jinkirta shi na ɗan lokaci, amma kamar yadda Hausawa ke cewa, ba a cin bashin barci. Abin da ke aiki shi ne a sauka daga kan kwalta a wuri mai jama'a a kwanta, ko da na minti 20 ne, a kuma yi cikakken barci sau ɗaya a kowane yini da kwana.

A Tarayyar Turai direban babbar mota ba ya wuce sa'o'i huɗu da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45, kuma sa'o'i tara ne ƙa'idar yini. A Amurka iyakar ita ce sa'o'i 11, bayan hutun sa'o'i 10. A can na'ura ce ke rubuta lokacin. A nan babu mai rubutawa, amma direba Musulmi yana da agogon da ya riga ya raba masa yini, wato lokutan salla. Duk tsayawar salla dama ce ta miƙe ƙafa, a sha ruwa, a kewaya mota a taɓa tayoyi, a duba noti da igiya da abin da ke ɗiga a ƙasa. Game da azumi kuwa, musamman a shekarun da ya faɗo cikin bazara, shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi, kuma ya kamata wanda tafiya ce sana'arsa ya tambayi malami hukuncin da ya hau kansa, maimakon ya tuƙa tan 40 da ƙishirwa don gudun bakin mutane.

Sai maganar ƙwaya. A tashoshi da yawa ana sayar da tiramol a matsayin maganin gajiya. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, wanda ke iya sa mutum maye da gyangyaɗi, kuma idan an sha da yawa yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da wani gargaɗi ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda ake shan sa don maye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cire gajiya. Jin gajiyar suke cirewa, wato ƙararrawa ɗaya tilo da jiki ke da ita.

Gangara da birki

Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce. Yaron da ya koyi mota tsakanin Sandamu da Baure da Kazaure zai iya shekara bai gamu da gangarar da za ta gwada birkinsa ba. Ranar da zai fara ganin Hawan Kibo a jihar Filato, ko tsaunukan Okene, ko gangarar Ugwu Onyeama kusa da Inugu, sau da yawa da cikakken lodi yake ganin su.

Abin da ake kira tsinkewar birki a irin waɗannan wurare galibi zafi ne. Idan direba ya dogara da birkin ƙafa a doguwar gangara, ƙarfe da takalmin birki su yi zafi har su daina kamawa. Idan kuma ya riƙa dannawa yana saki ba ƙaƙƙautawa, iskar da ke cikin tanki ta ƙare. Ƙa'idar da tsofaffin direbobi ke koyarwa ita ce a sauka da giyar da za a hau da ita, a kuma sa giyar tun daga saman tudu, kafin mota ta ɗauki gudu, a bar inji ya riƙe ta. Sa mota a firi don tsimin mai shi ne akasin haka: injin ya daina riƙewa, iska ta daina taruwa da sauri, kuma da wuya giya ta sake shiga.

Kowace safiya ya kamata a jira allurar iska ta cika kafin a motsa, a saurari inda take zuba, a kuma buɗe ƙasan tankunan a zubar da ruwan da ya taru.

Taya ita ce ta biyu. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Daura kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa, aka ɗora mata nauyi, aka yi gudu da ita a wannan zafi, fashewa take yi. Ana auna iska ne da safe, taya na sanyi, kuma da ma'auni, ba da bugun ƙarfe ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Wannan ne ya kamata mai sayen tayar gwanjo ya fara dubawa, ba zanenta ba. In ma dole ta sa a yi amfani da irin wannan taya, bai kamata ta je gaba ba, domin tayar gaba idan ta fashe da sitiyari take tafiya.

Dokar hanya ta Najeriya ta kayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a sa'a a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, kuma tun watan Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar kayyade gudu. Direbobi da yawa na ganin wannan ya yi kaɗan. Sai dai idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke buƙata ta tsaya sau huɗu yake ninkawa. A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da aikin mayar da hanyar Kano zuwa Kwangwalam tagwaye, kuma sabuwar kwalta tana da nata haɗarin: ramuka ne a da ke rage wa direba gudu, ga shi kuma ƙauyuka da makarantu da garken dabbobi da amalanken shanu suna nan inda suke.

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka direba a hagu yake zaune, kuma gefen damansa ne makafin wuri, inda 'yan acaba da masu adaidaita-sahu ke kutsawa. A nan yaron mota ke da amfani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hazo kan rufe hanya. Fitila mai nisa a cikin hazo ido take kashewa, ƙaramar ce ke nuna hanya.

Motar da ta lalace da dare babu fitila babu alama tana cikin abubuwan da suka fi kashe masu ƙananan motoci. Ganyen da ake zubawa a kan kwalta ba a ganin sa a duhu. Alamar gargaɗi mai ƙyalli ake ajiyewa can nesa da motar, gaba da baya. Duwatsun da aka yi waigi da su kuma a kwashe su kafin a tashi. Haka nan kafin a tayar da inji a leƙa ƙarƙashin mota, domin nan ne inuwar da yara da 'yan dako ke kwanciya.

Iyaka da takardu

Daga Daura zuwa kan iyakar Kwangwalam tafiya ce gajeriya, daga nan hanya ta wuce Ɗan Barto da Matamaye zuwa Damagaram. Akwai kuma mashigar Babban Mutum ta ɓangaren Baure, mai fita Magarya. Amma dokar wannan iyaka ta sha sauyawa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ta fara buɗe wasu a Disambar 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, motoci suka yi makonni a jibge da kaya, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, a watan Mayun shekarar kuma ta hana fitar da dabbobi gabanin Babbar Salla.

Abin da wannan ke nufi ga direba shi ne takardar da ta wuce da shi bara ba lallai ta wuce da shi bana ba. Kafin a yi lodi ake tambayar kwastan da ƙungiya abin da ake buƙata, har da matsayin katin inshorar ƙetare iyaka na Brown Card, wanda ECOWAS ta kafa a 1982. Ya kuma san abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗinsa. Wata dokar Najeriya ta 1989 ta hana fitar da masara da shinkafa da wake da doya da rogo, kuma a farkon 2024 jami'an kwastan sun tsare motocin abinci da dama da suka nufi kan iyaka. Ƙunshin da wani ya ce a miƙa wa ɗan'uwansa a Legas, idan jami'an NDLEA suka buɗe shi suka ga ƙwaya, wanda ke riƙe da sitiyari za su fara kamawa.

A cikin gida kuwa, lasin tuƙi da takardun mota da shaidar lafiyarta da inshora da takardar kaya su ne kariyar direba a shinge. Wanda takardunsa suka cika yana da bakin magana. Ya kamata ya ɗauki hotonsu ya ajiye a waya, ya kuma tabbatar inshorar ta gaskiya ce, domin ta jabu ta yi yawa a tashoshi.

Labarin hanya shi ma kaya ne da ake ɗauka kafin a tashi. Shekaru da dama direbobi sun ƙaurace wa hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, suka koma zagayawa ta Lambata da Bida. A watan Oktoban 2022 ambaliya ta yanke hanyar Lokoja zuwa Abuja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye. Mai zuwa kudu maso gabas kuma sai ya tambayi halin da ake ciki game da zaman gida na ranar Litinin, wanda aka fara a Agustan 2021. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, wasu gungun mutane suka kashe matafiya 16, mafarauta da ke komawa Kano daga Fatakwal a cikin wata babbar mota, bayan an ga bindigogin farauta a wurinsu. Laifin na waɗanda suka yi kisan ne, amma abin ya nuna yadda fasinja da kayansa ke iya jefa mota cikin abin da direba ba zai iya kashewa da baki ba.

Idan haɗari ya auku

Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma kyauta ce. A kashe inji, a sa alama, a kira taimako. Idan jama'a sun fusata har direba na tsoron ransa, ofishin 'yan sanda mafi kusa zai nufa ya kai kansa, ba daji ba.

Direban tanka yana da ƙarin nauyi. A watan Oktoban 2024 fiye da mutane 150 suka mutu a Majiya ta jihar Jigawa, lokacin da tankar da ta faɗi ta kama da wuta ana kwasar mai. A Janairun 2025 fiye da 80 suka mutu a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, inda rahotanni suka ce an kunna janareta don juye man cikin wata tankar. A cewar FRSC, mutane 411 ne suka mutu wajen kwasar mai a 2024 kaɗai, kuma daga watan Maris na 2025 hukumomi suka hana tankoki masu cin lita 60,000 ɗaukar mai. Direba shi kaɗai ba zai iya korar gari guda ba. Abin da zai iya shi ne ya nemi mai unguwa ko limami nan take, ya gaya musu cewa tururin fetur na bin ƙasa ya yi nisa, kuma tartsatsi ɗaya ya isa.

Daga yaron mota zuwa direba

Har yanzu yawancin direbobin manyan motoci a gindin wani suka koya: wanke mota, sa waigi, canza taya, sannan juya mota a tasha, kafin a ba su sitiyari a inda hanya ta miƙe. Tsari ne da ke koyar da hali da sanin hanya, amma yana gadar da kurakuran maigida tare da ƙwarewarsa. A wajen hukuma kuwa, tirela lasin aji G take buƙata, ba a ba da lasin haya sai ga wanda ya kai shekara 26, kuma sai da shaidar likita. Gwajin ido da na hawan jini da na ciwon sukari ba na ranar karɓar lasin ba ne kaɗai. Zaman wuni guda a kujera, da ƙarancin shan ruwa, da abincin tasha, suna cin jiki a hankali, kuma dogon nisa da iyali yana da nasa jarrabawar, wadda ta sa hukumomin lafiya suka daɗe suna kai gwajin cutar ƙanjamau manyan tashoshi.

Daura ta samu Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 an tsara shi ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina. Ko jirgi ya ɗauke wani kaso na kayan, sai mota ta kai su tasha ta kuma kwaso su.

Ga wanda aka miƙa wa makulli a karon farko, lodin da ya dace da shi shi ne na buhunan gero ko wake daga Daura zuwa kasuwar Dawanau a Kano, da rana, da tsohon direba a gefensa. Lodin raguna zuwa Legas a makon Babbar Salla, wanda ake tashi da shi cikin dare mai kaya na ƙirga sa'o'i, ya fi kuɗi, amma na wanda ya riga ya bi hanyar sau da yawa ne, ya san inda gangara take da inda zai kwana.